A Bar Yara Su Gano Halin Lambobi Kafin a Sa Su Hadda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani yanki na lissafin makarantar firamare wanda ake wucewa da shi cikin gaggawa, alhali kuwa a kansa ne kusan duk lissafin da yaro zai haɗu da shi daga baya yake zaune. Ina nufin darasin da ake koya wa yara lambobin da suke raba wata lamba ba tare da saura ba, da ninkin lamba, da lambobin firam waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kuma kansu, da haɗaɗɗun lambobi waɗanda suke da wasu masu raba su ban da waɗannan biyun. Ra'ayina shi ne, atisayen da ake ba yara a wannan darasi ya karkata ga hadda fiye da kima, har yaro yakan iya karanto ma'anar lambar firam da ka babu tuntuɓe, amma idan aka ajiye masa wata lamba da bai taɓa gani a jerin da ya haddace ba, sai ya rasa ta inda zai ɓullo mata.

Duk wanda ya koyar da wannan darasi ya san yadda abin yakan kasance. Malami ya rubuta ma'ana a allo, ya jera 2, 3, 5, 7, 11, 13 a ƙarƙashinta, yara su maimaita da murya ɗaya har sai ta zauna. Kashegari idan aka tambaye su ko 91 lambar firam ce, mafi yawansu za su amsa da cewa e, kuma da ƙarfin gwiwa za su faɗa, domin lambar mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, kuma ba su taɓa cin karo da ita a jadawalin sau ba, tun da jadawalin yakan tsaya ne a 12 sau 12, ita kuwa 91 sakamakon 7 sau 13 ce. Haka 51 da 57 da 87 suke yaudarar su, duk da cewa 3 tana raba kowace daga cikinsu. Idan kuma aka juya aka tambaye su batun 2, sai wasu su ce ba firam ba ce saboda lambar cika ce, sannan su shigar da 1 cikin jerin ba tare da wani ɗar ba. Waɗannan kurakurai ba alamar daƙiƙanci ba ne. Yaran sun duba jerin da aka ba su, suka ga kusan duka lambobin mara ne, sai suka gina wa kansu doka cewa mara ita ce firam. Tunani suka yi, sai dai ba a ba su kayan da za su gwada tunanin nasu da shi ba.

Kayan kuwa ba wasu masu wuyar samu ba ne. A ba yaro tsakuwa goma sha biyu, a ce ya jera su sahu-sahu yadda kowane sahu zai zama daidai da ɗan'uwansa, babu tsakuwar da ta rage a gefe. Zai yi sahu ɗaya mai goma sha biyu, ya yi sahu biyu masu shida-shida, ya yi uku masu huɗu-huɗu, ya gwada biyar ya ga biyu sun yi saura, ya watsar. Kafin ya tashi daga wurin ya riga ya gano da hannunsa cewa 1, 2, 3, 4, 6 da 12 su ne suke raba 12, kuma ya ga cewa bibbiyu suke zuwa, 2 tana tafe da 6, 3 tana tafe da 4. Daga nan sai a ƙara masa tsakuwa guda su zama goma sha uku. Na ga yarinya ta zauna da wannan aiki ta gwada sahu biyu, ɗaya ta rage, ta gwada uku, ɗaya ta rage, ta gwada huɗu, ta gwada biyar, ta gwada shida, kullum da saura, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan ta ƙi, sai dai a miƙe ta layi ɗaya." Abin da ta faɗa shi ne ainihin ma'anar lambar firam, kuma ita ce ta samo shi. A lokacin ne ya dace malami ya faɗa mata sunan abin da ta gano, domin sunan zai sami wurin zama. Yaron da ya yi irin wannan aiki da 9 da 15 da 21 ba zai sake cewa duk lambar mara firam ce ba, tun da ya jera 9 sahu uku masu uku-uku da yatsunsa, wanda kuma ya gwada tsakuwa biyu zai ga cewa 2 ba ta da wata hanya sai layi ɗaya.

Wani rikicin da ke damun yara shi ne rarrabe mai raba lamba da ninkinta. A ce su kawo masu raba 6, sai su rubuta 6, 12, 18, a ce su kawo ninkin 6, sai su rubuta 1, 2, 3. Dalili shi ne ana koyar da su a matsayin darasi biyu mabambanta, kowane da makonsa, alhali magana ɗaya ce ake kallo ta fuska biyu. Kamar yadda cewa wane uban wane ne take nufin wancan ɗan wannan ne, haka cewa 3 tana raba 12 take nufin 12 ninkin 3 ce. Ya kamata a riƙa sa yaro ya faɗi jimlolin biyu tare a duk lokacin da ya rubuta wani lissafin sau, kuma a nuna masa bambancin da ido yake iya gani: masu raba lamba suna da iyaka kuma babu wanda ya fi lambar girma, ninkinta kuwa daga ita kanta yake farawa ya yi ta hawa babu ƙarshe.

Idan lambobi suka yi girman da tsakuwa ba za ta ɗauka ba, akwai wata dabara da ta haura shekara dubu biyu a duniya, wadda ake danganta ta ga Eratostenis, masanin Girka da ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙasar Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yaro zai rubuta 1 zuwa 100 a takarda, goma-goma a kowane layi. Ya ajiye 1 gefe, ya zagaye 2 ya soke duk ninkinta, ya zagaye 3 ya soke duk ninkinta, ya iske an riga an soke 4 sai ya tsallake ta, ya yi wa 5 da 7 yadda ya yi wa na baya. Abin da ya tsira daga suka shi ne lambobin firam guda 25 da ke ƙasa da 100, daga 2 har zuwa 97. Amfanin wannan aiki ya wuce samun jerin, domin yayin da yaro yake soke ninkin 3 da na 7 atisayen jadawalin sau yake yi ba tare da ya gaji ba, kuma da alƙalaminsa zai soke 91 lokacin da ya zo kan ninkin 7, ya ga inda ta faɗi.

A nan akwai tambayar da nake ganin ta fi duk sauran daraja a wannan darasi, kuma da wuya a ji an yi wa yara ita: me ya sa aka tsaya a 7, ba a ci gaba da soke ninkin 11 da 13 ba? Idan aka bar su suka gwada, za su tarar cewa 22, 33, 44, 55, 66, 77, 88 da 99 duk an riga an soke su, kuma ninkin 11 na farko da ba a taɓa ba shi ne 11 sau 11, wato 121, wanda ya fita daga takardar. Tun da masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, duk haɗaɗɗiyar lambar da ba ta wuce 100 ba dole ne ɗaya daga cikin abokan tafiyar biyu ya kasance 10 ko ƙasa da haka, domin idan dukansu sun haura 10 sakamakonsu zai haura 100. Yaron da ya fahimci wannan ya sami makami na har abada. Idan aka ba shi 97 ba zai yi ta gwada lambobi casa'in da wani abu ba, zai gwada 2, 3, 5 da 7 kawai, ya yanke hukunci da tabbaci.

Batun 1 kuma bai kamata a rufe shi da cewa "haka dokar take" ba, domin yara suna da haƙƙin jin dalili. Lambar firam masu raba ta biyu ne daidai, ɗaya da ita kanta, ita kuwa 1 mai raba ta guda ne tak, don haka ba ta cikin firam kuma ba ta cikin haɗaɗɗu. Akwai kuma dalili mai zurfi da za a iya nuna wa ɗan aji biyar ko shida. A ba yara uku lambar 60, na farko ya fara farfasa ta daga 6 sau 10, na biyu daga 4 sau 15, na uku daga 2 sau 30, kowa ya ci gaba da farfasawa har ya kai inda babu abin da zai ƙara fasuwa. Dukansu za su tsaya a wuri ɗaya: 2 sau 2 sau 3 sau 5. Wannan ba dace ba ne, domin kowace lamba da ta fi 1 hanya guda ce tak take da ita ta farfasuwa zuwa lambobin firam, in ban da sauya musu jeri, kuma masanin Jamus Gauss ya kawo cikakkiyar hujjar haka a littafinsa na shekarar 1801. Da za a karɓi 1 a matsayin firam, da wannan ƙa'ida ta rushe, domin ana iya manna "sau 1" sau nawa aka ga dama ba tare da sakamakon ya canza ba.

Haka nan dokokin gane rabuwa, waɗanda ake ba yara kamar wani siddabaru. Ana gaya musu cewa idan aka tara alƙaluman lamba aka ga 3 tana raba jimlar, to tana raba lambar, kuma gaskiya ne, amma bayanin dalilin bai fi ƙarfinsu ba. Lambar 51 goma biyar ce da ɗaya, kowace goma kuwa tara ce da ɗaya, don haka 51 tara biyar ce da ragowar biyar da ɗaya. Tun da 3 tana raba kowace tara, abin dubawa kawai shi ne ragowar, wato 5 da 1, waɗanda suka ba da 6. Yaron da ya ga wannan zai gane da kansa me ya sa dabarar take aiki ga 3 da 9 amma ba ta aiki ga 7, kuma ba zai ɗauke ta ya kai inda ba ta da hurumi ba.

Abin da ya sa na damu da wannan al'amari har na ɗauki alƙalami shi ne, illar ba a nan take bayyana ba, sai an shiga lissafin kaso. A ce wa yaro ya tara ɗaya bisa shida da ɗaya bisa takwas, sai ya tara na sama ya tara na ƙasa ya rubuta biyu bisa goma sha huɗu. Amsar gaskiya bakwai bisa ashirin da huɗu ce, kuma ba a kai wa gare ta sai an san cewa 24 ita ce ƙaramar lambar da ninkin 6 da ninkin 8 suka fara haɗuwa a kanta. A ce masa ya rage 36 bisa 84 zuwa mafi ƙanƙantar siffa, sai ya yi ta raba su da 2 har ya maƙale, domin bai saba neman babbar lambar da ke raba su duka biyun ba, wadda ita ce 12, ta ba shi 3 bisa 7 a taki guda. Daga nan sai a shiga aljabara a sakandare, inda ake neman lambobi biyu da idan aka ninka su za su ba da 12, idan aka tara su kuma su ba da 7, wanda ya jera tsakuwa yana ganin 3 da 4 nan take, wanda bai jera ba kuwa ya fara cewa shi ba shi da kan lissafi. Yara da yawa da suka yanke wa kansu wannan hukunci ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wani mako biyu ne aka wuce da su da gudu tun suna firamare.

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce, kuma ba na raina uzurinsu: aji cike yake da yara, lokacin darasi gajere ne, manhaja tana da tsawo, jarrabawa kuma ba ta jira. Ni ma ba ina cewa a yi watsi da hadda ba ne. Jadawalin sau dole ne ya zauna daram a kan yaro, domin wanda sai ya ƙirga yatsu kafin ya san 7 sau 8 ba zai sami sararin tunanin wani abu ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a gyara jerin aikin, a fara da ganowa, a bi da suna, sannan a rufe da maimaici. Darasi ɗaya na tsakuwa da darasi ɗaya na soke lambobi a takarda ba su kai lokacin da ake ɓatawa ana sake koyar da lissafin kaso shekara bayan shekara ba, kuma a aji mai yawa ana iya raba yara rukuni-rukuni kowane rukuni da lambarsa.

Su kansu tambayoyin atisaye suna buƙatar gyara. Tambaya ashirin masu siffa ɗaya, duk suna cewa "kawo masu raba kaza", hannu kawai suke horarwa. Gara a rage yawansu a juya wasu ta baya. A ce: wace lamba ce ƙasa da 30 take da masu raba ta guda takwas? Yaro zai yi ta bincike har ya kai ga 24. A ce: me ya sa 16 da 25 da 36 yawan masu raba su mara ne, alhali mun ce bibbiyu suke zuwa? Zai gano cewa 4 da 5 da 6 kowace ita ce abokiyar tafiyar kanta. A ce: ƙararrawa ɗaya tana kaɗawa bayan kowane minti shida, ɗaya kuma bayan kowane minti takwas, idan suka kaɗa tare yanzu, yaushe za su sake haɗuwa? A tambaye su me ya sa minti 60 ya fi sauƙin rabawa a kan 100, su ƙirga su ga cewa 60 tana da masu raba ta goma sha biyu, 100 kuwa tara kawai take da su, sannan a gaya musu cewa ƙirga da sittin-sittin gado ne daga mutanen Babila na dā. Kuma a kowace amsa a riƙa bin yaro da cewa, "Yaya aka yi ka sani?"

Yaran da suke riga sauran gamawa ma kada a bar su zaune, domin wannan fage yana da abin da zai riƙe su. A nuna musu cewa idan aka tara masu raba 6 ban da ita kanta, wato 1 da 2 da 3, sai a koma 6, a ce su nemo wata lamba mai irin wannan hali ƙasa da 30, za su sha aiki kafin su kama 28. A ba su 220 da 284 su tara masu raba kowace ban da ita kanta, su ga kowace tana haifar da 'yar'uwarta, a gaya musu cewa masanin lissafi Sabit bin Ƙurra ya yi nazarin irin waɗannan lambobi a Bagadaza a ƙarni na 9. A sa su rubuta kowace lambar cika da ta fi 2 a matsayin jimlar lambobin firam biyu, kamar 28 da take 5 da 23 ko 11 da 17, sannan a sanar da su cewa masanin lissafi Goldbach ya kawo wannan hasashe a wasiƙun da suka yi musaya da takwaransa Euler a shekarar 1742, kuma har yau babu wanda ya tabbatar da cewa yana aiki ga dukkan lambobi. Yaro yana jin wani irin ƙarfi idan ya san cewa tambayar da ke gabansa ta gagari manyan masana, kuma ya fahimce ta sarai. Hatta hujjar da masanin Girka Yuklid ya kawo wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa lambobin firam ba su da ƙarshe, ana iya ɗanɗana musu ita: a ninka 2 da 3 da 5 a ƙara 1, a sami 31, wadda babu ɗaya daga cikin ukun da ke raba ta, don haka dole ne a sami wata firam a wajen jerin, kuma haka abin zai kasance komai tsawon jerin da aka fara da shi.

Idan yaro ya tambaya ina amfanin duk wannan, akwai amsa ta gaskiya da za a ba shi. A ce ya ninka 23 da 29, zai samo 667 cikin minti ɗaya. A ba abokinsa 667 a ce ya nemo lambobin da aka ninka, zai daɗe yana gwaji. Wannan bambanci tsakanin sauƙin ninkawa da wuyar farfasawa shi ne ginshiƙin tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a shekarar 1977, kuma ake amfani da shi wajen kare bayanai a intanet da lambobin firam masu ɗaruruwan alƙaluma. A gabashin Amurka kuma akwai wani ƙwaro mai ƙara da ake kira sikada, wanda wani jinsinsa yake fitowa daga ƙasa bayan shekara 13, wani kuma bayan shekara 17. Garke biyu daga cikinsu, ɗaya mai shekara 13 ɗaya kuma mai shekara 17, sun fito tare a shekarar 2024, rabon su da haka tun 1803, kuma duk yaron da ya iya neman inda ninkin lambobi biyu suke haɗuwa zai iya lissafa wannan tazara ta shekara 221 da kansa.

Iyaye ma suna da rawar takawa, ko da ba su yi zurfi a boko ba, domin sa yaro ya jera tsakuwa ya bayyana abin da ya gani ba ya buƙatar takardar shaida. Ku kuma, ya Edita, roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan gurbi a shafin ilimi kowane mako, a riƙa buga tambaya biyu ko uku irin waɗanda na ambata, a kawo amsoshinsu tare da bayanin dalili a mako na gaba, domin malamai da iyaye su sami abin da za su yanka su kai aji ko su ajiye a gida. Idan kun amince, ga ta farko: a tsakanin 90 da 100 lambar firam guda ɗaya ce kawai, yaro ya nemo ta, sannan ya nuna lambar da ke raba kowace daga cikin sauran.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin lissafi a makarantar firamare